Goyon Ciki a Aziziyya

Lahadi, 1 ga Satumba, bayan azahar

Daktora Wejdan ta ce ba zan hau jirgi ba.

Jinina ya hau, an kuma ga furotin a fitsarina. Yau cikin ya cika mako talatin da ɗaya. Da ranar Alhamis zan tashi daga Jidda zuwa Kano, a wuce da ni Funtuwa goyon ciki, tunda na fari ne kuma a gida ake haihuwar fari. Abdulkahar, maigidana, ya riga ya ciro mini bizar fita da dawowa. Akwatuna biyu suna bakin ƙofa, a ɗaure.

Ga abin da ta ce, fassarawa kawai na yi: "Burinmu mako talatin da bakwai. In ba mu samu ba, talatin da huɗu ma mun gode Allah. Ƙasa da haka ba na so, huhunsa bai ƙarasa ba." Ta rubuta mini ƙwaya, safe da yamma. Ta lissafa abu uku da yatsunta: ciwon kan da ba ya jin magani, walƙiya a ido, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Ko ɗaya na ji, in taho, kada in jira kowa ya dawo daga aiki.

Sai ta tambaya ko mahaifiyata ta yi irin wannan da cikina. Na ce ban sani ba. Ta ce, "To ki tambaye ta," kamar mai cewa a miƙo mata biro.

Litinin, 2 ga wata, da hantsi

Na yi shekara takwas a ɗakin labarai na wani gidan rediyo a Kaduna kafin aure ya kawo ni nan. Na yi wa kwamishinoni tambayar da ta sa suka kashe mini waya a kunne. Na taɓa tambayar mutumin da shagonsa ke ci da wuta yadda ake rubuta sunansa. Umma ce kaɗai ban san ta inda ake fara mata tambaya ba.

Ni ce 'yar farinta. Tun da na yi wayo ban ji sunana a bakinta ba. In tana son magana da ni ta ce "ke", in da wani take magana ta ce "ɗiyar Azumi", domin Inna Azumi, yayarta, ita ta ɗauke ni bayan yaye. Kunya ce, kuma ban taɓa jin haushinta ba. Wata bakwai ke nan muna waya duk Juma'a, ba ta ce ciki ba, ban ce ciki ba. Takan ce, "Ya zafi a wajenku?" In ce, "Akwai shi." Ta ce, "A riƙa shan ruwa." Awon da take yi mini ke nan.

Sunan ciwon da likita take tsoro na san shi da Turanci, jiya na koye shi da Larabci, na Hausa kuma tun ina yarinya na san shi. Ba zan rubuta shi a nan ba.

Talata, 3 ga wata, bayan la'asar

Na kira Inna Azumi na gaya mata an fasa tafiya. Ta yi salati, ta ce, "To icen fa?"

Ashe Umma ta sa an sauke icen wankan jego a ƙofar gida tun makon jiya, mota guda. Ba ta gaya wa kowa komai ba, amma duk unguwa an ga ice, an gane. Mata suna shigowa suna cewa Allah ya raba lafiya, tana amsawa da "ina gajiya".

Na lallaɓa na yi mata tambayar likita. Ta ce ita a lokacin tana gidan aurenta a Gusau, labari ta ji. "An dai ce iska ta ɗan taɓa ta, aka yi addu'a ta warware. Ke me ya kai ki tono wannan? Haihuwa kowa da yadda take zo masa."

Iska. Na rubuta yadda ta faɗa.

Alhamis, 5 ga wata, da azahar

Jirgin ya tashi a kan lokaci. Na duba a waya.

Juma'a, 6 ga wata, da yamma

Abdulkahar ya sayo na'urar awon jini a saidaliyya, wato shagon maganin da ke ƙasan gidanmu. Injiniya ne a tashar jiragen ruwa, ƙugiyoyin ɗaga kaya yake gyarawa, kuma ya ɗauki hannuna kamar ɗaya daga cikinsu. Ya karanta takardar na'urar tun daga farko har ƙarshe, har da ɓangaren Faransanci da ba ya ji.

"Edita, miƙo hannun. Kada ki yi magana, kada ki harɗe ƙafa."

"In yi numfashi?"

"Kaɗan-kaɗan, kada ki wuce gona da iri."

Lambar ta fi ta asibiti kyau. Ya yi murna kamar shi ya sauke ta.

Na yi waya da Umma. Ta ce, "An ce an fasa zuwa." Na ce e. Ta ce, "Allah ya sa haka ya fi alheri." Ina jin kaji a bayanta. Na ce, "Umma, lokacin da..." Ta ce, "Lokacin da me?" Na ce lokacin da aka yi ruwan nan mai yawa, ko katangar baya ta tsira. Ta ce ta tsira.

Asabar, 7 ga wata, da hantsi

Zobe ya ƙi fita. Sai da sabulu da zare.

Ba na iya zama. Daga taga zuwa kicin, daga kicin zuwa taga. Likita ta ce in huta, in kwanta ta hagu, amma da na kwanta sai ƙwannafi ya taso, da na tashi sai ƙafa ta yi nauyi. A waje ba zafin rana ba ne kawai, iskar kanta a jiƙe take, gilashin taga yana gumi. Akwatunan suna nan. Duk wucewa sai na yi tuntuɓe da ƙaramin. Abdulkahar ya ce a kwance su, na ce a bari tukuna.

Yana motsi. Ya fi motsi in an kira salla, masallacin yana daf da bangonmu.

Litinin, 9 ga wata, bayan la'asar

Khala Maiturare ta hawo, khala inna ke nan da Larabci. A hawan da ke ƙasa da namu take, Bahaushiyar Sudan ce, shekararta arba'in a Jidda. Da a Karantina take, da aka rushe unguwar ta dawo nan Aziziyya wajen 'yarta. Turaren wuta take sayarwa a kasuwar Bab Makka, kuma ƙamshinta yakan riga ta hawowa bene. Tun da na samu ciki ƙamshin nan yake juya mini zuciya, ban taɓa gaya mata ba.

Ta zo da jug ɗin karkade, zoɓonmu ke nan. "Sha, ya binti, 'yata, da sanyinsa. Mu a Sudan da shi muke sauke jini. Kofi biyu, halas."

Na ce sai na tambayi likita.

"Likita! Likitar nan taki ta haifi nawa?"

"Ban tambaye ta ba."

"Ke kuwa komai ba ki tambaya ba, kuma aka ce 'yar jarida ce. Wace jarida ce wannan, ta kurame?"

Na yi dariya har ya shure ni. Na tura wa Daktora saƙo, ta amsa da cewa in bar karkade sai bayan haihuwa. Khala ta shanye jug ɗin da kanta, tana cewa ma'alesh, ba komai, nata jinin ma yana so.

Laraba, 11 ga wata, da safe

Awo. Jinin ya ɗan hau duk da ƙwaya, an ƙara mini. A hoto an ga bai kai girman da ake so ba, amma ruwa da isasshe, zuciya lafiya. Daktora ta ce, "Muna tafiya, a hankali." Ta sake tambayar maganar mahaifiyata. Na ce layi ba kyau a garinmu.

Na karanta duk abin da ke akwai a kan wannan ciwo, har rahotannin da aka rubuta don likitoci. Na san kashi nawa cikin ɗari ne suke kaza. Ba ko ɗaya da ya ce a wane kashin nake.

Alhamis, 12 ga wata

Ba komai. Taga, kicin, taga.

Asabar, 14 ga wata, bayan azahar

Kuskurena ne da na ba Khala labarin tambayar likita. Ina cikin waya da Umma, jiya ba mu samu juna ba, sai ta fizge wayar.

"Hajiya, salamu alaikum. Ni maƙwabciyar 'yarki ce, Maiturare. Ni ba ni da kunyar kowa, tawa na baro ta a jirgin ruwan da ya kawo ni. Mustashfa, asibiti, suna tambaya, da kina da cikin yarinyar nan, jininki ya hau? Kin kumbura? Kin faɗi? E ko a'a, su rubuta, halas."

Ina tsaye na riƙe bakin tebur.

Can Umma ta ce, "Allah ya saka da alheri, baiwar Allah." Ta kashe.

Khala ta miƙo mini wayar tana cewa ai yanzu an faɗa, sauran nata ne. Ta sa na tura wa Inna Azumi lambarta ko za a so a yi magana da babba. Ba a yi wa tsohuwa faɗa a kan abin da kai kanka ka so a yi.

Lahadi, 15 ga wata, da yamma

Mako talatin da uku. Saura ɗaya a kai ƙaramin burin.

Na kira Umma, ba ta ɗauka ba.

Litinin, 16 ga wata, gab da magariba

Abdulkahar ya kai ni bakin teku a mota, ban sauka ba. Ya sayo mini balila, dafaffen wake irin nasu, a kofi, ya ce wa mai sayarwa kada ya sa gishiri, mutumin ya kalle shi kamar ya zage shi. Yara suna ta gudu da tutoci kore, bikin ranar ƙasa ya matso. Ya yi ta lissafa mini sunayen da za mu raɗa masa, ina ta soke su. Ya ce ko a gida ba a bar shi ya wuce tebur ɗin edita ba.

Umma ba ta ɗauka ba. Inna Azumi ta ce lafiyarta lau, tana ɗaki.

Talata, 17 ga wata, da hantsi

Kaina yana ɗan sarawa. Na'urar sanyaya ɗaki ce, kan gado take hurawa. Na sha magani.

Talata, bayan la'asar

Bai tafi ba, bai ƙaru ba. Wannan ba labari ba ne.

Laraba, 18 ga wata, bayan azahar

A ɗakin labarai ƙa'idarmu ita ce ba a sakin labari sai da majiya biyu. Ɗazu ina shanya kaya a baranda na ga wasu ƙananan abubuwa masu ƙyalli suna yawo a gefen idona na hagu. Bango fari ne, rana ta dake shi, kuma da sauri na miƙe. Majiya ɗaya ce, mai rauni.

Na auna da kaina. Lambar farko ba zan rubuta ta ba. Na kwanta ta hagu, na huta, na sake aunawa, ta sauka kaɗan. Da Abdulkahar ya kira daga wajen aiki, ta biyun na gaya masa. Wata ƙugiya ta tsaya musu da jirgi a ƙarƙashinta, muryarsa duk gajiya.

In na je yau, na san abin da za su yi. Lahadi nake so mu kai. Kwana huɗu ne kawai. Yana motsi sosai, na ce masa ya yi haƙuri ya zauna, ni ma haƙurin nake yi.

Alhamis, 19 ga wata, da yamma, a asibiti

Ta hannun hagu ake ƙara mini ruwa, don haka zan iya rubutu. Zan bi abin yadda ya faru.

Da hantsi Khala ta hawo ba ko sallama, wayarta a hannu. Ta ce, "Zauna. Uwarki ta aiko." Umma ba ta taɓa aika saƙon murya ba a rayuwarta. Farkonsa ana jinta tana tambayar Inna Azumi, "Ya fara ɗauka?" Na saurara sau ɗaya, kuma na riƙe shi kalma da kalma, aikina ne da.

"Hajiya Maiturare, ina kwana, ya baƙunta. Ran nan kin yi mini tambaya ban ba ki amsa ba, ki yafe ni. Ni dai wata yarinya na sani a garinmu. Cikin fari ne, an kawo ta gida goyon ciki. Ƙafafunta suka kumbura, aka ce namiji ne. Sai kanta ya yi kwana biyu yana sarawa, tana ganin taurari da rana tsaka. Uwarta tana zaune kusa da ita a tabarma ɗaya, ba ta faɗa mata ba, don ba a faɗa. Rana ta uku tana tankaɗe ta faɗi. Ta ciji harshenta, har yau da tabon. A asibiti ta farka, aka ce mata an kwana uku. Biyu ne a cikin. Ɗaya aka ba ta."

Na ɗauka ya ƙare. Sai ta ce, "In ɗiyar Azumi ta ga irin wannan, kada ta ji kunyar kowa. Shi ke nan. A gaida maigidanta."

A kan maganar biyun ba zan rubuta komai ba yau.

Khala ta ajiye wayar ta zuba mini ido. "Ya binti, me ya sa tun da na shigo kike rufe ido ɗaya?"

Na gaya mata. Ciwon kan, ƙyallin, lambar farko.

Ba ta yi salati ba, ba ta zage ni ba. Ta ciro abayata daga bayan ƙofa ta jefa mini. "Yalla. Iƙama, katin zamanki, da katin asibiti. Takalmi ba ya shiga? Sa na mijinki." Da silifas ɗin Abdulkahar na shiga asibiti. A tasi ta riƙe hannuna tana yi wa direba faɗa da Larabci har muka iso, kuma ƙamshin turarenta bai dame ni ba, ko na manta da shi.

Daktora Wejdan ta tambaya yaushe ya fara. Na ce Talata. Ta dube ni, ta rubuta. Na ce mata kuma amsar tambayarta e ce. Ta ce, "Na gode," ta rubuta wannan ma.

An sa mini ruwan da ke hana abin da ba na rubutawa. Zafi yake sa wa, kamar an hura gawayi a cikin jijiya. An yi mini allurar da ke ƙarasa huhunsa, gobe za a yi ta biyu.

Juma'a, 20 ga wata, da hantsi

Jiya Abdulkahar da kayan aikinsa ya iso, baƙin mai har gwiwar hannu. Bai ce Edita ba.

"Mastura, lambar da kika ba ni ranar Laraba, ta nawa ce?"

"Ta biyu."

"Ta farkon fa?"

Na gaya masa. Ya gyaɗa kai, ya gyara mini matashi, ya fita. Ta gilashin ƙofa na hango shi tsaye yana kallon bango. Ya daɗe. Da ya dawo ya tambaya ko zan sha ruwa, nas ta ce a ƙayyade ake ba ni, sai ya shanye kofin da kansa bai sani ba.

Kan ya lafa. Ƙyallin ya tafi. Jikina kamar an cika shi da yashi.

Juma'a, bayan la'asar

An yi allura ta biyu.

Umma ta kira Abdulkahar. Ita da ba ta haɗa ido da shi, ba ta zama ɗaki ɗaya da shi, ta kira wayarsa da kanta. Ya miƙe tsaye yana amsawa, har yana rusunawa a tsakiyar ɗakin asibiti. Ta tambaye shi me likita ta ce, ta sa ya maimaita, ta tambayi ko akwai mace a kusa da ni. Ya ce akwai Khala. Ta ce to, a ba ta haƙuri da ɗawainiya. Ba ta ce a ba ni wayar ba, ni ma ban miƙa hannu ba.

Khala ta zo da garin hulba da man riɗi, ta ce ita za ta yi mini jego irin na Sudan, in na Hausa nake so kuma tukunyar lantarki tana nan. Na ce sai na tambayi likita. Ta ce, "Yau kam tambaya, habibti. Tambayi har mai shara."

Asabar, 21 ga wata, da safe

Awon jinin safe bai yi wa Daktora daɗi ba. Wasu ƙwayoyin jini sun fara raguwa, hanta kuma ta fara magana, haka ta ce. Bai kai a yi gaggawa ba. Za a sake da yamma.

Ba na iya zagaye a nan, igiyoyi sun ɗaure ni a gado. Ido ne yake zagayen: ƙofa, agogo, na'urar da ke buga zuciyarsa, ƙofa.

Asabar, bayan la'asar

Daktora ta zo ta zauna a bakin gado, abin da ba ta taɓa yi ba. Gobe da safe za a yi aikin, ranar da ya cika talatin da huɗu. In awon yamma ya fito da muni, ba za a jira goben ba. An ɗebi jinin, sakamako bai fito ba.

Wata nas mai suna Ruba ta zo daga ɗakin jarirai ta yi mini bayani. Za a sa shi a kwalba, wataƙila da bututu a hanci na 'yan kwanaki. Za a bar ni in sa hannu ta ƙaramar taga. Ta ce in fara tatsar nono tun ranar farko ko ɗigo ne, su za su ba shi. Na tambaye ta ko suna kuka in sun fito a wannan makon. Ta ce da yawa suna yi.

Abdulkahar ya tafi gida ya buɗe ƙaramin akwatin ya ciro kayan jarirai. Ya kira yana cewa duk sun yi yawa, ko hular ma za ta rufe masa fuska. Na ce ya kawo haka, a naɗe.

An sake ɗaukar hoto ɗazu. Kansa yana ƙasa, hannu ɗaya a kunne. An ce nauyinsa kilo ɗaya da giram ɗari takwas. Ƙiyasin na'ura ne. Sai an ɗora shi a ma'auni za a tabbatar.